Idan Kai Ya Bugu: Asibiti Tukuna, Sannan Neman Haƙƙi

Jawabin da Kwamitin Jin Daɗin Membobi ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, Nassarawa GRA, Kano



Hajiya Shugaba, iyayen ƙungiya, Ma'aji da Sakatariya, yayyenmu da ƙannenmu, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka daure suka zo suka zauna mana a can baya, sannunku da zuwa. Mun san an ci an sha, Ma'aji ta karanta lissafi, kowa ta ji ribarta, ido ya fara nauyi. To, ku ara mana kunnuwanku na 'yan mintuna. Bara kwamitinmu ya yi magana a kan hawan jini. Bana da ciwon suga muka shirya, sai wani abu ya same mu a cikin gida, muka ga dole mu canza.

Da yawanku kun san abin da ya sami ɗan wata 'yar uwarmu a ƙungiyar nan. Ita ce da kanta ta ce mu faɗa, da sharaɗin ba za mu kama suna ba. Yaro ne matashi, ɗalibi, ya ɗauki babur ɗin gida bayan la'asar zai je ya dawo. Wata mota ta fito daga layi ta goge shi, ya faɗi, gefen kansa ya daki bakin kwalta. Ya suma na ɗan lokaci, aka yayyafa masa ruwa, ya farfaɗo, ya miƙe da ƙafarsa yana kakkaɓe riga. Mai motar ya fito ya ba da haƙuri, jama'a suka ce ai tsautsayi ne, a yi sulhu. Ya ciro kuɗi ya ba shi na gyaran babur da na magani, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya rubuta lambar motar. A wani ƙaramin asibiti aka ɗinke masa 'yar tsagar da ke gefen kai, aka ba shi maganin ciwo, aka ce ya je gida ya huta.

Ya yi sallar magariba a masallaci, har ya ba ƙannensa labari ana dariya. Bayan isha'i ya ce kansa kamar zai tsage, ya yi amai, ya sake yi. Uwar ta ɗauka zazzaɓi ne ke son kama shi, ta ce ya kwanta. Allah Ya sa wajen sha biyun dare yayarsa ta leƙa ɗakin, ta ji wani irin minshari da ba ta san shi da shi ba. Ta tashe shi, bai tashi ba. Cikin daren nan wasunku sun amsa waya, wata ta kawo mota, wata ta turo kuɗin hoto, mijin wata ya ba da jini. Kafin asuba an shiga da shi tiyata, an buɗe ƙoƙon kai an kwashe jinin da ya taru. Yana raye, alhamdu lillahi. Amma karatu ya tsaya, hannunsa na hagu bai dawo daidai ba, kuma uwar ta cire duk abin da ta tara a nan, ta haɗa da sarƙarta. Wanda ya buge shi kuwa, har yau bai san abin da ya biyo baya ba.

Daga nan muka ce bari mu je mu tambayo. Cikinmu akwai tsohuwar ma'aikaciyar jinya, akwai lauya, sauran kuma 'yan kasuwa ne irinku. Abin da muka fahimta shi muka kawo muku.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma laushinta kamar awara ne da ba a soya ba. Tana zaune cikin wani ɗan ruwa, a cikin ƙoƙon ƙashi da ba ya buɗewa. Idan kai ya daki wani abu, ƙoƙon ya tsaya, ita ƙwaƙwalwar ba ta tsaya ba, sai ta daki bangon ciki, ta koma ta daki ɗaya gefen. Shi ya sa mutum zai iya jin mummunan rauni a ciki alhali ko ƙwarzane babu a waje. Sannan kun san idan ƙafa ta bugu tana kumbura, ta sami wurin kumbura. Ƙwaƙwalwa ba ta da inda za ta je. Jini ko kumburi in ya taru a ciki, ita zai matse.

A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin ba shi da kauri, kuma akwai jijiyar jini da ke bi ta ƙarƙashinsa. In ta tsage, jinin yakan taru a hankali tsakanin ƙashi da rigar ƙwaƙwalwa. Mutum ya suma, ya farfaɗo, ya yi magana lafiya lau na 'yan awanni, jini kuwa yana ta taruwa, sai can ya sake zubewa. Abin da ya sami yaronmu ke nan. Likitoci sun san wannan tazarar sarai, kuma ita ce ke yaudarar iyali. Ba mu kaɗai take yaudara ba. A 2009 wata fitacciyar 'yar fim ta Ingila, Natasha Richardson, ta faɗi a wajen wasan zamiya kan ƙanƙara a Kanada, ta miƙe tana magana, ta ce ba ta buƙatar likita. Kwana biyu tsakani ta rasu, da irin wannan taruwar jinin. Abin takaicin shi ne, in an gano shi da wuri, yana cikin raunukan kai da tiyata ta fi yi wa magani.

To, me za mu duba? Mu dai a kwamiti mun tsaya a kan cewa duk wanda ya bugi kai har ya suma, ko da na ƙiftawar ido ne, ko ya kasa tuna yadda abin ya faru, likita ya gan shi a ranar. Kada a ce bari a ga kwanan gobe. In kuma an dawo gida, kwana ɗaya zuwa biyun farko a bar babba a tare da shi. Ciwon kai da ke ƙaruwa maimakon raguwa, amai fiye da sau ɗaya, barcin da ake tashinsa da ƙyar, magana tana harɗewa ko yana maimaita tambaya ɗaya, hannu ko ƙafa ta yi sanyi ta ƙi ɗaguwa, jijjiga irin ta farfaɗiya, gani biyu-biyu, ko ki haska idonsa ki ga baƙin tsakiya na ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, kowanne daga cikin waɗannan, ko ƙarfe biyun dare ne, a ɗauki mota. Haka in jini ko wani ruwa fari tsararo yana fita ta kunne ko hanci, ko kewayen ido biyu ko bayan kunne ya yi baƙi, alama ce ƙasan ƙoƙon kai ya tsage. Kada a cusa auduga a toshe, a ɗora ƙyalle mai tsabta a sama kawai.

Wata ta tambaye mu, wai gaskiya ne ba a barin wanda ya bugi kai ya yi barci? Barci ba ya kashe shi. In likita ya duba ya sallame shi, ya kwanta. Amma a riƙa leƙawa cikin dare, a taɓa shi a ga ya motsa, ya buɗe ido, ya gane mai magana. Maganar magani kuma, farasitamol ya isa. Asfirin da ibufurofen da danginsu na iya ƙara zubar jini, a bar su sai likita ya ce. Taramol da maganin barci kuwa suna rufe alamomin da muke son gani. Ku gaya wa yaranku, don su ne ke zuwa kemis.

Yanzu bakin titi. Wallahi mutanen Kano akwai taimako, haɗari ba ya faruwa a rasa masu rugowa. Sai dai taimakon namu wani lokaci shi ke ƙarasa mutum. A ja shi ta hannu da ƙafa, kai yana reto, a ɗura masa ruwa a baki alhali bai farfaɗo ba, a naɗe shi a cikin a-daidaita-sahu. Duk wanda kansa ya bugu da ƙarfi, a ɗauka wuyansa ma ya taɓu har sai hoto ya nuna ba haka ba. Mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kan da hannu biyu, kai da wuya da baya su zama a miƙe. In dole sai an ɗaga shi, mutum uku ko huɗu su ɗaga tare, in an sami katako ko ƙyauren ƙofa ya fi. In yana amai, a juya jikin gaba ɗaya zuwa gefe, kamar yadda ake mirgina itace, don kada aman ya shaƙe shi. Ba ruwa, ba lemo, ba madara. Inda jini ke zuba a danna da ƙyalle mai tsabta, sai dai in an ji ƙashin ya lotsa, to nan ba a dannawa. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, 'yan Rod Sefti, ita ce 122, kyauta ce. Akwai kuma 112 ta kiran gaggawa na ƙasa. Ku sa su a waya yanzu, muna kallonku.

Ina za a nufa? Ɗinki a waje ba ya nuna abin da ke ciki, hoton ƙashi na yau da kullum ma ba ya nuna jini a ƙwaƙwalwa. Hoton siti-sikan ne ke nunawa. Mu nan muna da asibitin Nassarawa, wato Muhammad Abdullahi Wase, a ƙofar gida, ga na Muhammadu Buhari a Giginyu, ga Murtala a cikin gari, ga asibitin ƙashi na Dala in akwai karaya. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya yana da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, kuma can ake tura da yawa daga masu babban rauni, har daga jihohin maƙwabta. In numfashi ya rikice ko jini na zuba sosai, mafi kusa za a fara zuwa a tsayar da shi. Amma duk inda kika shiga, ki yi tambaya biyu da bakinki. Likita, yana buƙatar hoton kai? In an ga jini, a nan za a yi aiki ko tura mu za a yi? Ba rashin kunya ba ne. In turawa za a yi, a ba ki takarda a hannu, a tafi a lokacin.

Za ku ji ma'aikata suna kiran wata lamba, su ce sha huɗu, ko su ce tara. Ma'auni ne da wasu likitoci biyu, Teasdale da Jennett, suka fito da shi a birnin Gilasgo a 1974. Ana duba buɗe ido, da magana, da motsi, a haɗa maki daga 3 zuwa 15. Mai lafiya 15 ne. Daga 13 zuwa 15 rauni mai sauƙi, 9 zuwa 12 matsakaici, 8 zuwa ƙasa mai tsanani. Amfanin ki sani shi ne, in da ya shigo an ce 14, bayan awa biyu an ce 11, to ba lokacin zuwa gida ɗauko abinci ba ne, ki nemo likita. Lokaci yana da tsada a wannan ciwon. Akwai ma allurar rage zubar jini mai araha da wani babban bincike na ƙasashe da dama, har da Najeriya, ya nuna a 2019 cewa tana rage mutuwa ga masu rauni mai sauƙi da matsakaici, amma sai in an yi ta cikin awa uku na farko.

Sai tsoron da ke hana mutane ɗaukar wanda ba su sani ba, wai asibiti za su ce sai da ɗan sanda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Wanda ya saɓa, tarar naira 100,000, ko ɗaurin da zai iya kai wata shida, ko duka biyun. Har mai raunin harsashi ma dokar 2017 ta ce a karɓe shi ko da takardar 'yan sanda ko babu. Wannan a takarda ke nan. A ƙasa kuma mun sani, ku ma kun sani, za a karɓe shi a ɗora a gado, amma kuɗin hoto da kayan tiyata ke za a miƙo wa takardarsu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ya fi ba mu tausayi a duk tambayoyin da muka yi, shi ne bayan sallama. Ranar da aka dawo gida ana ta barka, ana kawo kaji, kowa ya ce Allah Ya kiyaye gaba. Bayan sati biyu 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa, sai matar gida ko uwa ta fara ganin wanda ya dawo ba shi ne wanda ya fita ba. Mai haƙuri ya zama mai zafin rai, abu kaɗan ya hau faɗa. Ɗan kasuwar da ke lissafi da ka ya kasa ba da canji. A aike shi ya dawo ya ce me aka ce. Hayaniyar yara ta dame shi, haske ya dame shi, ya kwana ba barci ko ya wuni yana yi. Wani ya daina jin ƙamshin abinci. Wani ya riƙa faɗin maganar da a da kunya ba za ta bar shi ba, a gaban surukai. Wani kuma bayan watanni, har shekara, sai farfaɗiya ta fito masa.

A nan ne gidaje ke rikicewa. Dangin miji su ce matar ce ta yi masa wani abu. Wasu su ce iska ce ta shige shi a wurin da ya faɗi. A yi ta yawo da shi, ana hayaƙi, ana tsaga, ana ƙaho, kuɗi na tafiya. Mun san auren da ya mutu a kan haka. Gaban ƙwaƙwalwa, nan bayan goshi, shi ke riƙe da linzamin hali, da tsara aiki, da kame baki. In ya bugu, linzamin ne ya saki. Addu'a kuwa ba wanda ya hana, mu ma da ita muke kwana muke tashi. A yi addu'a, a kuma koma asibiti ranar da aka rubuta a kati, a faɗa wa likita duk abin da ake gani, har wanda ake jin nauyin faɗa. Farfaɗiyar bayan rauni tana da magani, kuma ba a daina shansa don an ga sauƙi. Sashen gashi yana taimaka wa hannu da ƙafa, kuma sauƙi mafi yawa a watannin farko yake zuwa, don haka kada a yi wasa da su. Ganin likitan ƙwaƙwalwa, a Malam Aminu Kano ko a Dawanau, ba ya nufin an ce mutum mahaukaci ne. Masu ƙaramin rauni yawancinsu suna warwarewa cikin makonni, in sun huta, sun rage waya, ba su koma tuƙi ko ƙwallo da wuri sun sake buguwa ba.

Ita mai jinyar fa? Ita ma mutum ce. Waɗanda ke unguwa ɗaya da 'yar uwarmu, mu raba kwanaki, a karɓe ta ko na wuni ɗaya ne a sati, ta je ta buɗe shagonta.

Ba a titi kaɗai ake buguwa ba. Gidajenmu na yanzu duk tayil ne, har banɗaki. Hajiya babba ta zame wajen alwala, kanta ya ɗan taɓa bango, ta ce ba komai. Bayan sati uku ko wata guda ta fara mantuwa, tafiya tana tangaɗi, barci ya yi yawa, sai mu ce tsufa ne ya zo, ko shanyewar ɓarin jiki. Sau da yawa jini ne ke ɗiga a hankali a ƙarƙashin rigar ƙwaƙwalwa, musamman ga mai shan asfirin ko maganin tsinka jini, kuma da ɗan ƙaramin aiki ake zuƙe shi tsohuwa ta dawo hayyacinta. Ku tuna wa likita faɗuwar ko da ta daɗe. Yara kuma bene da gado mai hawa biyu da bishiyar mangwaro. Jariri in ya faɗo ya ƙi kama nono, ko kukansa ya ƙi tsayawa, ko maɗigarsa ta kumburo, asibiti. Kuma a gaya wa duk mai reno, 'yar aiki ce ko yaya ce, ba a jijjiga jariri don ya yi shiru, jijjigar kaɗai tana iya tsinka jijiyoyin cikin kansa. Akwai kuma wanda ba a so a faɗa a taro. Wadda aka haɗa kanta da bango a cikin ɗaki, ta zo ta ce ƙofa ta buge, ƙwaƙwalwarta ba ta san bambancin bango da kwalta ba. Ta ga likita, ta faɗa masa gaskiya.

Hular kwano, kada ku yi dariya. Manyanmu za su tuna watan Janairun 2009 da aka ce dole kowane mai babur ya sa ta. A garin nan 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka, har gidan rediyon BBC ya kai labarin duniya. Wasu fasinjoji suka ce ba za su sa ba, wai ana asiri da ita. A Janairun 2013 gwamnati ta hana acaɓa a Kano, a-daidaita-sahu ta maye gurbi, amma babur na nan a gidajenmu, yaranmu da masu yi mana aike ke hawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma hula mai kyau da aka ɗaure igiyarta tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 70 cikin ɗari. Wadda ta iya saya wa yaro babur, ta haɗa da hula.

To, mu zo kan haƙƙi, don nan ne muka fi sakaci. Mu mutane ne masu yafiya, kuma yafiya aba ce mai kyau. Amma a bakin titi, mintuna goma bayan faɗuwa, ba wanda ya san girman abin da yake yafewa. Da muka kai maganar gaban malamai, sai muka tarar fiƙihunmu na Malikiyya ya riga mu. A Risala da ake karantawa a zaurukan garin nan, an jera raunukan kai kowanne da sunansa da diyyarsa. Wanda ya bayyanar da ƙashi, raƙumi biyar cikin ɗari na cikakkiyar diyya. Wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa, kashi ɗaya cikin uku. Gushewar hankali kuwa, diyya cikakkiya. Kuma ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke an ga inda ya tsaya. Kun ji fa. Wato addini ma bai ce a yi gaggawar rufe magana ba. Haƙƙin na wanda aka ji wa ciwo ne, in ya warke ya ga dama ya yafe, ladansa na wurin Allah. Ba 'yan kallo ne za su yafe masa ba.

Don haka a wurin, wani ya ɗauki hoton lambar mota da waya, da yadda motocin suka tsaya, da lambar wayar direba da ta mutum biyu da suka gani. A kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, sashen haɗurra, a karɓi takarda. In direba ya ba da kuɗin magani a karɓa, amma kada a sa hannu ko a dangwala a kan takardar da ta ce magana ta ƙare. A sami jaka ɗaya a riƙa zuba komai, rasit na magani, na hoto, katin asibiti, takardar sallama, har kuɗin mota a rubuta a littafi da kwanan wata. Daga baya a nemi rahoton likita a rubuce. Mai raunin ƙwaƙwalwa sau da yawa ba ya tuna abin da ya faru, takardun nan su ne bakinsa.

Mutane da yawa ba su san cewa inshorar da ake saya tare da takardun mota don wanda aka buge aka yi ta ba. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mai da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, ban da abin da ya shafi rauni ko rai. A-daidaita-sahu da babur su ma doka ta ɗora musu. Matsalar ita ce takardun jabu sun yi yawa. Mu nan yawancinmu masu mota ne, gobe direbanki ko ɗanki ne zai iya buge ɗan wani. In takardarki ta bakin titi ce, daga aljihunki za ki biya. Ana iya duba lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora da ake kira NIID, ko a waya, a ga ta gaske ce ko a'a. Ku sa yara su duba muku yau.

In a wurin aiki ne mutum ya faɗo, kamar birkila daga kan gini ko ma'aikacin kamfani a Bompai ko Sharaɗa, akwai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, hukumar NSITF ke gudanar da ita. A sanar da mai aiki cikin kwana 14, shi ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da buƙata kafin shekara ta cika. Lauyarmu ta ce mu faɗa muku, dokar ta ambaci mai aikin gida da ba ɗan gida ba a cikin ma'aikata. Wato maigadi da direba da yarinyar da muka sa ta hau kujera ta goge fanka. In ta faɗo, ba tarkata kayanta za a yi a mayar da ita ƙauye da dubu biyar ba. Irin asibitin da za ki kai 'yarki, can za ki kai ta.

Wadda ba ta da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1976, tana da ofis a Kano, kuma dokarta ta 2011 ta haɗa da ƙarar neman diyyar haɗari. Akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA reshen Kano. Ana iya zuwa kotun Musulunci ko babbar kotu, ana kuma iya yin sulhu a rubuce a gaban hukuma ba tare da doguwar shari'a ba, lauya zai duba wanda ya fi dacewa. Abu ɗaya dai, ƙara tana da wa'adi. In motar gwamnati ce ko ma'aikacin gwamnati a bakin aiki, dokar da ke kare su wata uku kacal ta bayar. Wata uku kuwa kina asibiti za su wuce ba ki sani ba. Shi ya sa muke cewa a raba aiki, uwa tana jinya, wani a dangi yana bin takardu.

Yanzu ga abin da ya kawo mu. A daren nan da muka ba ku labari, kusan awa biyu aka ɓata ana haɗa kuɗin hoto, banki a waya yana ta gardama, masu POS sun rufe. Kwamiti na roƙon taron nan ya amince a ware wani kaso daga ribar bana a buɗe asusun gaggawa, wanda za a iya taɓawa cikin dare da amincewar mutum biyu daga cikin Shugaba, Ma'aji da shugabar kwamitinmu, ba sai an jira zaman wata ba. Rance ne ba ruwa, ga memba, da mijinta, da 'ya'yanta, da iyayenta, da masu yi mata aiki a gida, a biya a hankali. Mun san wasu za su ce ribar da ma ba ta taka kara ta karya ba, kuma akwai tsoron a ci a ƙi biya. Magana ce mai kyau, a kawo ta a tattauna a sa ƙa'ida. Muna kuma so Sakatariya ta binciko mana yadda za mu shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, wato KSCHMA, a ƙungiyance, da abin da yake ɗauka da wanda ba ya ɗauka, ta kawo mana a zama na gaba.

An buga lambobin gaggawa da alamomin da muka lissafa a wani ɗan kati, yana wurin 'yan matan da ke bakin ƙofa. Kowa ta karɓi biyu, ɗaya a jaka, ɗaya a mota. Wadda takardar inshorarta ke jakarta yanzu, lauyarmu na zaune a teburin gefe har a tashi, ta kawo a duba mata. Hajiya Shugaba, ga maganar asusu nan mun miƙa gabanki, a ɗaga hannu kafin a yi addu'ar tashi.

Allah Ya ba yaronmu lafiya, Ya tsare mana zuri'a.